Fayil Ɗin Da Nu'uman Bai Tankaɗe Ba

A unguwar Gobarau ba a ɓata wajen neman gidan su Nu'uman mai kwamfuta, domin sunansa na jikin ƙofa, yana jikin babur, yana gindin butar da ke zaure, ko silifas ɗinsa na alwala bai tsira ba. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka son a sani ne. Ba haka ba ne, mutumin da ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne kake ji. Uwarsa Furera ce ta dasa masa wannan hali tun yana aji uku a firamare, kuma da ta san inda abin zai kai su, da ta bar kwanukanta sun ɓace.

A lokacin Furera mai ba da aron kayan biki ce: samiru, farantai, manyan tukwane, ludaya. Kowa kuwa ya san halin kwano, in ya je gidan suna sai ya manta hanyar gida, bayan wata biyu ka gan shi a ɗakin wata tana rantsuwa tun aurenta take da shi. Furera ba ta yi boko ba, amma ranar da ta ga yaron ya rubuta sunansa a bango da gawayi, maimakon ta doke shi sai ta aika aka sayo ɗan gwangwanin jan fenti. Ta kife kwanuka a tsakar gida, ta miƙa masa tsinke. Kafin shekara ta zagayo matan layin duk sun kawo nasu. Haka ya tashi yana ganin duk abin da ba sunan mai shi a gindinsa jiran ɓarawo yake yi, kuma wanda ya kawo abu, haƙƙinsa ne a rubuta cewa nasa ne.

Ubansa ya rasu yana ɗan shekara tara, bai bar komai ba sai gidan da shanu biyu a hannun Alamin ɗan Sammani. Alamin Bafillace ne da ya zauna a wata ruga bayan Batagarawa, ya sari gona, ya kafa bukkoki har suka zama ɗakunan ƙasa, iyayensa duka a can aka binne su. Ba dangin su Furera ba ne, abokin marigayin ne kawai. Amma duk wata sai ya zo da ƙwaryar nono, ya tsuguna a bakin zaure, ya faɗa mata gaskiya: wannan ta haihu, wancan maraƙin ya mutu, ga fatarsa. Maruƙan nan su suka yi ta tura Nu'uman makaranta aji bayan aji har ya je ya koyo kwamfuta, saniya ta ƙarshe kuma ita ta yi masa lefe. Shi ya sa bai taɓa kiran Alamin da wani suna ba sai Baffa, shi kuma yana ce masa ɗan Furera har bayan gemu ya fito masa.

Da ya dawo daga karatu ya kama ɗan shago a bakin titi. Aikinsa rubuta manhaja, wato abin nan da ake sa wa waya ko kwamfuta ta san me za ta yi. Ya yi wa masu kantin magani, ya yi wa makarantun kuɗi, ya yi wa wani ofis a GRA inda suke shanya shi a benci rabin yini kafin a ce ya shigo. Wata rana Furera ta matsa masa sai ya gaya mata abin da yake yi yini guda yana kallon gilashi kamar mai duba. Ya ce mata rubutu yake yi da harshen da mutum zai iya karantawa, sannan ya ba kwamfuta ta niƙe shi ya koma lambobi zalla, waɗanda waya ce kaɗai ke gane su. Abin da ya fito daga niƙan shi ne fayil ɗin da ake tura wa mutane. Amma muddin aiki bai ƙare ba, yakan sa kwamfutar ta bar masa wasu abubuwa a cikin garin: sunan da ya raɗa wa kowane sashe, lambar kowane layi, sunan kwamfutar da aka yi aikin a kanta, rana da sa'a. Amfaninsu shi ne in manhajar ta yi tuntuɓe sai ta rubuta a fuskar waya cewa a sashe kaza, layi kaza na faɗi, shi kuma ya je can ya gyara. In an gama kuwa, kafin a ba kowa, sai a sake niƙa a cire waɗannan duka, fayil ya fita ba suna ba alama.

Furera ta ce, "To ai tankaɗe ke nan. Dusa kake bari, in za ka ba mutane ka sa rariya. Shi ne ka yi shekara huɗu kana koyo?"

Daga ranar tankaɗe ake ce wa abin a gidan, har shi ma ya ɗauka.

Matarsa Ramla ɗiyar Alhaji Babaji ce, babban mai fataucin shanu kuma shugaban ƙungiyar dillalai a kara, wato kasuwar shanu. Ita Ramla bakinta bai san tsoro ba, amma mijin nata, a kan kunyar suruki ya wuce misali. Shekara shida da aure bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa furta sunansa ba, bai san launin idonsa ba. Tun daga bakin layi yake kashe babur ya tura da hannu, ya cire takalmi a inda ko tabarma ba ta kai ba, ya durƙusa. Mutane na yabon wannan, suna cewa Alhaji ya yi dacen suruki. Su dai yabo suka iya.

Shekarun nan da satar shanu ta addabi jama'a, 'yan kara sun shiga uku ta fuska biyu: a sace nasu a hanya, ko su sayi na sata ba su sani ba a zo a kama su. Ƙungiyar Alhaji ta ce tana son wani abu a waya, inda wanda aka yi wa sata zai sa hoton dabbarsa da tambarin jikinta kowane dillali ya gani, a kuma nuna hanyoyin daji da ya kamata mai kora ya kauce musu. Tunda ga suruki a gida, ba a je nesa ba. Sashen hotuna bai ba Nu'uman wahala ba. Hanyoyi ne bai sani ba, mutumin da iyakar dajinsa filin makaranta.

Alamin ne ya san su. Ya san rafin da ake tsallakar da shanun sata, ya san tsaunin da ake ɓoye su kwana biyu su huta, ya san ranakun da ake fitowa da su. Ba don yana ciki ba, sai don mai kiwo shekara arba'in ido gare shi, kuma sau biyu ana kore masa nasa. Zuwa uku ya yi gidan Furera yana faɗa wa Nu'uman, murya ƙasa-ƙasa, yana zana a ƙasa da tsinke yana shafewa da tafin hannu. Sharaɗinsa guda ne, kuma ya maimaita shi duk zuwa: kada sunansa ya fita, ko ga Alhaji, ko ga Ramla. Ya ce mutanen nan ba su da nisa da rugarsa, wasu ma ya san iyayensu, in suka ji shi ne ba za su tsaya tambaya ba. Nu'uman ya rantse masa.

Da baki kam ya cika alkawari, ko a mafarki bai faɗa ba. Hannunsa ne ya ci amanarsa. Da ya zauna rubuta wannan sashe, aka zo wurin raɗa masa suna, sai yatsunsa suka buga hanyoyin Baffa Alamin ɗan Sammani, kamar yadda ya sa wa sashen hotuna sunan Alhaji, ya sa wa kwamfutar kanta sunan Furera. Bai ma tsaya tunani ba. A ganinsa a cikin kwamfutarsa ne, kamar mutum ya yi rubutu a bangon ƙuryar ɗakinsa, kuma ai za a tankaɗe.

Ran wata Alhamis bayan la'asar sai ga motar Alhaji Babaji a ƙofar shago, mutumin da bai taɓa taka wurin ba. Nu'uman ya zabura har kujera ta faɗi, ya zube ƙasa. Alhaji bai zauna ba, bai ma sa an kashe mota ba, ya ce wucewa yake ya ce bari ya ga abin nan da ake ta ba shi labari. Nu'uman ya nuna masa a tasa wayar. Alhaji ya ga hoton bijimi, ya ga jan zane a kan hanyoyi, ya yi murmushi, ya zaro wayarsa daga aljihun babbar riga ya miƙa.

"Sa mani a nan."

Nu'uman ya san fayil ɗin da dusarsa yake. Ya san kuma sake niƙa da tankaɗe a tsohuwar kwamfutarsa zai ci kamar kwata na awa. Kwata na awa, suruki a tsaye a bakin ƙofa, hannu a miƙe, mota na cin mai. Da wani ne, da ya ce Alhaji a yi haƙuri zuwa gobe, ƙasa ba za ta tsage ba. Shi kuwa hannu biyu ya sa ya karɓa, ya tura, ya mayar, yana kallon yatsun ƙafarsa ya ce na gwaji ne, da muryar da ko kiyashi bai ji ba. Alhaji ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya shiga mota.

Ka san abin da ya dame shi a ranar? Kada manhajar ta tsaya a hannun Alhaji a ce aikinsa bai da kyau. Wannan kaɗai. Sunan Alamin ko faɗo masa a rai bai yi ba. Ya ce wa Ramla in ta je gida ta roƙi Baba kada ya ba kowa tukuna, ta ce sai jibi za ta je. Kafin jibi Alhaji ya zauna a rumfarsa a kara ya nuna wa jama'a abin da surukinsa ya ƙera, kuma duk wanda ya yaba sai a haɗa waya da waya a tura masa.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, wani dillali Salihu ya kira shi yana dariya. Ya ce abin nan nasa ya tsaya cik, da ya taɓa wajen hanyoyi a inda ba sabis sai fuskar wayar ta cika da turanci, amma a tsakiyar turancin ya tsinci Hausa.

"Hanyoyin Baffa Alamin ɗan Sammani. Wanga Alamin na bayan Batagarawa? Shi ma kwamfuta ya koya, ko kuwa hanyoyin ya saya?"

Nu'uman ya miƙe tsaye. Ya tambaye shi a ina ya karanta, Salihu ya ce a rumfar mai shayi, da ƙarfi ma, aka yi ta dariya. Ya tambaye shi su wa ke wurin.

"Mutane dai. Ka san kara."

Ya san kara. Wuri ne da ɓarawo ba ya zuwa da kansa amma kunnensa na zuwa kullum, ya sha shayi, ya taya ciniki. Kuma a inda ba sabis abin ke tsayawa, wato duk wanda ya fita daji da wayar sai ta nuna masa sunan.

Ya rufe shago daga ciki. Ya fara canza sunan sashen, sannan ya sake niƙa, ya tankaɗe. Minti goma sha huɗu ya ɗauka, ya duba agogo. Sabon fayil bai kai rabin tsohon girma ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaro duk kalmar da ido zai iya karantawa daga cikin fayil. Ya bi ta kan sabon, ba ta samo sunan kowa ba. Ya bi ta kan tsohon, sai ga Alamin yana ta gangarowa a gilashi, layi bayan layi, har sau arba'in da ɗaya, ga sunan shi Nu'uman, ga na Furera, ga ranar Alhamis ɗin da sa'arta. Ya daɗe zaune yana kallo, kamar kallon zai rage su.

Yanzu sai a karɓo tsohon daga hannun mutane, kuma ba mai iya sa 'yan kara su yi abu sai Alhaji. Nu'uman ya je, ya tura babur, ya durƙusa, ya yi gaisuwa har ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko. Da aka zo magana sai ya ce ya yi sabo wanda ya fi kyau, ko za a ce wa mutane su goge wancan. Alhaji ya ce wancan ɗin ma lafiya lau yake yi masa, kada ya wahalar da kansa. In ya faɗi dalili ya karya rantsuwa, kuma ya nuna wa suruki cewa shi ya yaɗa ɓarna. Ya ce to, ya tashi, ya dawo gida da abinsa a ciki.

Ramla ta gan shi ya tasa tuwo gaba har ya huce. Ta tambaya, ya ce ba komai, ta ce ba komai ba ya hana mutum tuwon da aka yi da man shanu. Daga ƙarshe ya ce mata akwai sunan wani a cikin fayil ɗin da ke hannun Baba, sunan da in ya bazu ran mutum na iya tafiya, kuma ba zai iya gaya mata ko wane ne ba. Ba ta nemi sani ba. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Malam, kai yanzu ran mutum na hannunka, ka je gaban Baba ka yi ta ina wuni ina gajiya? In aka kashe shi, gaisuwar za ka kai wa matarsa?"

Ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Abin da ta ce wa ubanta ita ta sani, amma ya fito ransa a ɓace ya ce shi mutum goma sha biyu kawai ya ba, a je a karɓa, kuma ba ya son a sake kawo masa abin da ba a gama ba. Ka ji fa, kamar kawo masa aka yi.

Sha biyun nan kowa ya ba nasa. Kwana huɗu Nu'uman ya yi yana zarya a kara, cikin kashin shanu da ƙuda, yana roƙon mutane su ba shi waya ya sa musu sabo. Ba zai iya cewa don me ba, domin in ya faɗa, wanda bai lura da sunan ba ma sai ya je ya duba. Abin da bai zata ba shi ne 'yan kasuwa su ƙi. Wani ya duba ya ga sabon bai kai tsohon nauyi ba, ya ce an rage musu kaya, wancan mai kauri shi ne na ainihi, wannan na talakawa ne. Magana ta zagaya kara kafin azahar. Masu wayo suka miƙa waya aka sa musu sabo, amma sun riga sun ɓoye tsohon a katin ajiya na waya ko a wayar ɗansu. Ya yi musu bayani cewa abin da aka cire ba ya aiki, dusa ce, wani dattijo ya ce su masu shanu ne, sun san darajar dusa. Waya sittin da uku ya wanke. Wani ya ce ya tura wa ƙanensa can wajen iyaka, wani ya ce wayar da ya sa a ciki an sace ta ran kasuwa, wani ya ce bai san ma mutum nawa ya ba ba.

A duk kwanakin nan bai je wurin Alamin ba. Kullum yana ce wa kansa bari ya gama sharewa tukuna, ya je da labari mai daɗi. Ba sharewa yake jira ba, fuskar Baffa ce ba ya iya haɗa ido da ita. Furera ce ta ritsa shi ran na biyar, tana tsinke zogale a tsakar gida. Ita ta san zuwan Alamin uku, ta ga zanen da ake shafewa, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Da ya gama faɗa mata ba ta ce masa ƙaddara ce ba, ba ta ce Allah ya kyauta ba. Ta ce mutumin na can yana kwana da iyalinsa a fili bai san an rubuta shi ba, shi kuma yana nan yana lallashin dillalai. Ta ce gobe yana idar da sallar asuba ya hau babur, in kuma kunya ce ta hana shi, ita za ta hau motar Batagarawa ta je ta faɗa da bakinta.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai ya sunkuya, saura kamar mako uku a fara girbi. Nu'uman ya bar kwalta ya bi turba ta cikin gonaki, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ya tarar da Alamin an gama tatsa, yana zaune a kan turmi yana gyara igiya. Matarsa Kubura ta kawo nono mai ɗumi ta koma. Suka gaisa, aka tambayi Furera, aka tambayi Ramla da yara, aka tambayi shanu da ruwa da gajiya. Nu'uman yana ta juya ƙwarya a hannu bai kai baki ba.

Alamin ne ya rage masa hanya. Ya ce shekaranjiya a kasuwa wani da bai sani ba ya kira shi Alamin mai hanyoyi, aka yi dariya, shi ma ya taya su don kada a ga fuskarsa. Jiya kuma wasu mutum biyu a babur sun tsaya a bakin rijiya sun tambayi yaransa ko nan ne gidan ɗan Sammani, da aka ce nan ne sai suka ce ba komai, suka juya. Ya ce tun jiya yake lissafin wanda ya gaya wa, bai samu kowa ba sai mutum guda.

Nu'uman ya faɗa masa duka, bai rage ba: sunan da ya raɗa, zuwan Alhaji, hannun da ya kasa bari a miƙe, minti goma sha huɗu. Alamin bai katse shi ba, bai kuma daina murza igiyarsa ba. Da ya gama, Alamin ya ce a nuna masa. Nu'uman ya buɗe tsohon a wayarsa, ya taɓa wajen hanyoyi, kuma da yake ba sabis a rugar, nan take ta tsaya, rubutu ya cika fuska. Alamin ya karɓa ya nisanta ta da ido kamar yadda tsofaffi ke yi.

"Wanne ne ni?"

Nu'uman ya sa farce a ƙarƙashin layin.

"Ashe ma ɗan gajere ne." Ya miƙa masa wayar. "Ana gogewa?"

Nu'uman ya ce a wannan ana gogewa, a sabon ma babu shi sam. Alamin ya ce ba wannan ya tambaya ba, duka yake nufi. Nu'uman ya ce a'a, Baffa. Alamin ya ce waya nawa ce ta rage. Ya ce bai sani ba.

Alamin ya ajiye igiyar. Ya dubi gonarsa, ya dubi wajen tsamiyar da iyayensa ke kwance. Ya kira babban ɗansa da Fillanci ya faɗa masa magana kaɗan, saurayin ya dubi Nu'uman sau ɗaya ya wuce wajen garke. Daga cikin gida aka ji Kubura ta fara sauke ƙorai daga kan danki, shimfiɗar itacen da take jera su.

Nu'uman ya ce su dawo cikin gari, gidan Furera akwai ɗaki, shi zai yi magana da Alhaji a nema musu wuri, wannan karon zai buɗe baki. Alamin ya ce shanu arba'in ba sa kwana a Gobarau, kuma Alhaji ya riga ya yi nasa taimakon. Ya ce bai riƙe shi da mugunta ba, ya san shi tun yana rarrafe, ya san ba a cikinsa abin yake ba. Geron kuma, duk wanda ya iya zuwa ya yanka ya ci, shi ba zai jira shi ba.

Ya rako shi har inda ya jingine babur. Nan ne Nu'uman ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi ina za su nufa, don Inna za ta tambaya, don kuma ya riƙa kai musu ziyara.

Alamin ya ce, "Ka gaida Furera, ka ce mata na gode da zama. Wurin kuwa ba zan faɗa maka ba, ɗan Furera. Kai abin da ka sani sai ka rubuta."

Kwana biyu bayan nan rugar ta zama kango. Maƙwabta suka ce da sassafe suka ga ƙurar garke ta yi gabas, wasu suka ce kudu. Ko mutanen babur ɗin sun dawo, ba wanda ya faɗa. Geron tsuntsaye suka fara, sannan mutanen ƙauye suka ƙarasa.

Shekara biyu ke nan. Manhajar na nan tana aiki, an ce ta mayar wa mutane da shanu da dama, kuma a kara manhajar Alhaji Babaji ake ce mata. Nu'uman na nan a shagonsa, ya ƙara shiru, furfura ta fito masa a gefen kunne tun bai kai arba'in ba. Sassan aikinsa yanzu lamba yake sa musu, na ɗaya, na biyu, na goma sha bakwai, har shi kansa yakan ruɗe. Ba fayil da ke fita daga kwamfutarsa sai ya tankaɗe shi ya bi shi kalma-kalma, ko wane ne a tsaye a ƙofa; ya taɓa barin wani babban ma'aikaci a rana har mutumin ya yi fushi ya tafi. In sabuwar ta yi tuntuɓe a hannun wani ba ta faɗin komai, rufewa kawai take yi, sai ya kwana uku yana lalube kafin ya gano inda ta faɗi, kuma bai taɓa ƙorafi ba. Jifa-jifa har yanzu akan kawo masa waya gyara ya tarar da tsohon fayil a ciki, mai shi yana alfahari cewa shi mai kaurin gare shi.

Furera ta tsufa, ba ta fita sosai. Amma duk mai tallar nono da ta yi sallama a gidan sai ta sa an shigo da ita, ta saya ko ba ta so, ta ja ta da hira har ta kai ga tambayar ko ta san wata Kubura matar ɗan Sammani. Duk amsa guda suke ba ta, ba su san ta ba. Wata ma tun kafin Furera ta rufe baki ta ce ba ta sani ba, ta ɗora ƙwaryarta ta fita ba ta tsaya ta gama auna nonon ba.